Tagwayena za su shiga fom shida a Ingila: shin abaya da kaftani suna cikin shigar ma'aikatan ofis?

Uwar Tagwaye, Manchesta

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu bin wannan hanya, musamman masu 'ya'ya a makarantun Ingila. Shekarunmu uku da zuwa ƙasar nan, kuma tagwayena, Hassana da Usaini, sun karɓi sakamakon jarrabawar GCSE ta kammala sakandare a makon jiya. Dukansu sun samu gurbi a fom shida na makarantar da suka gama, wato shekaru biyun nan da yara 'yan 16 zuwa 18 suke yi suna shirin jarrabawar A-Level kafin shiga jami'a. Mun yi murna ƙwarai, amma takardar da makarantar ta aiko mana a kan sutura ta tsaya mini a rai.

A shekarun baya ba mu san wannan damuwa ba, domin akwai yunifom, kuma Hassana tana sa dogon siket na makaranta da baƙin hijabi ba tare da kowa ya tanka mata ba. Yanzu takardar ta ce babu yunifom a fom shida, amma dole kowane ɗalibi ya zo cikin shigar da ta dace da ma'aikacin ofis. An rubuta wa maza kwat da wando na yadi ɗaya, da riga mai kwala, da naktayi, da takalmin fata. An rubuta wa mata jaket da siket ko wando, aka ce kada siket ya gaza gwiwa. An hana wandon jins, da kambas, da riga mai hula, da matsattsen wando mai manne wa jiki. Sai a layin ƙarshe aka ce za a mutunta suturar addini matuƙar ta dace da wannan ƙa'ida, kuma wannan layin ne na karanta har sau biyar ban gane inda ya dosa ba.

Tun bara Hassana ta ƙudurta cewa ranar da ta rabu da yunifom abaya za ta riƙa sawa. Shi kuma Usaini yana so ya riƙa zuwa da kaftani da hula ranar Juma'a, ga shi ya fara tsayar da ɗan gemu. Mahaifinsu ya ce a sayo abin da aka rubuta a yi shiru, tunda mu baƙi ne a ƙasar mutane. Ni kuwa ba na son in tilasta wa yarinya ta bar abin da zuciyarta ta natsu da shi, ba na kuma son a mayar da ita gida a ranar farko a gaban ƙawayenta. Shin abaya tana shiga cikin abin da suke nufi? Shin makaranta tana da ikon hana kaftani da gemu? Sannan waɗanda suka yi wa yara biyu irin wannan sayayya a lokaci guda, ta yaya kuka rage tsadarta?

Malamin Lissafi, Bamingam

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya tagwaye, ya sa albarka a karatunsu. Na shekara tara ina koyarwa a fom shida, kuma babu watan Agustan da yake wucewa ba tare da wata uwa ta kawo mini irin wannan takarda ta ce in fassara mata layin ƙarshe ba.

Ya kamata ki fara sanin cewa babu wata dokar ƙasa da ta tsara abin da ɗalibi zai sa a Ingila. Ma'aikatar ilimi tana ba da jagora, amma hukumar gudanarwar kowace makaranta ce take rubuta ƙa'idarta, shi ya sa za ki ga makarantu biyu a kan titi ɗaya, wannan ta wajabta naktayi, waccan kuma ba ruwanta. Fom shida ma iri biyu ne. Akwai kwalejojin da aka keɓe wa 'yan 16 zuwa 18 kaɗai, kuma galibinsu ba sa neman komai illa katin shaida a wuya da shiga ta mutunci. Akwai kuma fom shida da yake cikin harabar makarantar sakandare, irin na yaranki, kuma a nan ne shigar ofis ta fi yawa. Dalilin da ake faɗa a fili shi ne manyan ɗalibai suna yawo a tsakanin yara 'yan shekara 11 masu yunifom, don haka ana so su zama abin koyi, ana kuma so su saba da shigar da za su yi ranar ganawar neman aiki. Akwai dalili na biyu da ba a cika rubutawa ba. Tun 2015 doka ta wajabta wa matashi a Ingila ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya kai 18, kuma kuɗin da gwamnati take bai wa makaranta yana bin yawan ɗalibanta, saboda haka makarantu suna gasar jawo yara. Layin samari cikin kwat a ranar da iyaye suke zuwa duba makaranta talla ce, kuma shugabanni sun san da haka.

Game da yadda ake aiwatar da ƙa'idar kuwa, shugaban fom shida ne yake tsayawa a ƙofa a makonni biyun farko na Satumba, kuma abin da idonsa yake nema sananne ne: gajeren siket, kambas, riga mai hula, da matsattsen wando. A duk shekarun da na yi ban ga an mayar da yarinya gida don suturarta ta yi tsawo ba. Abin da na ga ya jawo magana shi ne abaya mai duwatsu da ƙyalƙyali irin ta zuwa biki, ko mai faɗin hannu, ko wadda take jan ƙasa a kan matakalar bene inda ɗaruruwan yara suke gudu idan an kaɗa ƙararrawa. Abaya marar ado, baƙa ko shuɗiya mai duhu ko ruwan toka, wadda ta tsaya a idon sawu aka ɗora mata jaket, ita ce shigar da ɗalibaina Musulmi da yawa suke yi, kuma a idona ta fi shigar malamai da dama kama da ta ofis.

Duk da haka kada ki dogara da maganata, kada kuma ki dogara da abin da wata malama ta faɗa miki da baki a wurin taro. Ki aika wa shugaban fom shida saƙon imel tun kafin a koma, ki haɗa da hoton abayar da jaket ɗin, ki yi tambayoyi ƙayyadaddu a kan launi, da tsawo, da ko dole ne jaket ta zauna a jiki a cikin aji. Amfanin rubutacciyar amsa shi ne, wanda ya amince a ofis ba lallai ne shi zai tsaya a ƙofa kowace safiya ba, kuma idan wani sabon malami ya tare Hassana, sai ta nuna masa saƙon a wayarta magana ta ƙare.

Idan cikin darussanta akwai kimiyyar sinadarai ko ta halittu, ki kula da ɗakin gwaje-gwaje, domin can ne ƙa'idar take da hujjar da ba a ja da ita. Ana kunna wuta a kan tebur, ana zuba sinadarai, don haka za a nemi ta cusa hijabinta cikin farar rigar gwaji, kuma hijabin auduga ya fi na yadin roba aminci kusa da wuta. Takalmi ma dole ya rufe ƙafa gaba ɗaya.

Gemu ba kasafai yake zama matsala ba idan an ce na addini ne kuma ana gyara shi. Kaftani ne nake ganin zai yi wuya, amma na bar wannan ga masana shari'a.

Lauya Mai Mayafi, Landan

Yaya, ina taya ki murna. Malam ya faɗi yadda abin yake a ƙofar makaranta, ni kuma zan ƙara da yadda yake a gaban kotu, domin iyaye da yawa suna shiga wannan magana da tunanin cewa da zarar an ambaci addini makaranta ba ta da ta cewa, kuma ba haka ba ne.

Shari'ar da kowane shugaban makaranta a Ingila ya sani ita ce ta Shabina Begum. A watan Satumba na 2002 ta je makarantar Denbigh da ke garin Luton sanye da jilbabi, aka ce ta koma ta sa yunifom, ta ƙi, har ta yi kusan shekara biyu ba ta zuwa aji. Ta faɗi a babbar kotu a 2004, ta yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2005, sannan a watan Maris na 2006 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda a lokacin su ne matakin ƙarshe na shari'a, suka ba makarantar gaskiya. Abin lura shi ne dalilin da ya sa makarantar ta yi nasara. Mafi yawan ɗalibanta Musulmi ne, shugabarta Musulma ce, ta tuntuɓi iyaye da limaman masallatan garin kafin ta tsara yunifom, ta kuma riga ta amince da ɗankwali da doguwar riga da wando irin na mutanen Pakistan. Alƙalan suka ga cewa makarantar ta yi iya ƙoƙarinta, ga kuma wasu makarantu a yankin da suke karɓar jilbabi. Hukuncin bai ce jilbabi haramun ne a makarantun Ingila ba, ya dai bar wa kowace makaranta ikon yanke shawara idan ta yi ta da tunani da tuntuɓa.

Akwai shari'o'in da ɗalibai suka yi nasara. A 2008 wata yarinya mabiyar addinin Sikh, Sarika Singh, ta kayar da makarantarta a yankin Wales bayan an hana ta sa siririn awarwaron ƙarfe na addininsu. A 2011 babbar kotu ta ce wata makarantar Katolika a Landan ta nuna bambanci da ta hana wani yaro ɗan asalin Karebiyan shiga aji saboda kitson da ke kansa, tunda kitson al'adar gidansu ce. Daga baya, a 2022, hukumar kare daidaito ta ƙasa ta fitar da jagora ga makarantu cewa kada a hukunta yara saboda gashinsu na asali ko kitso.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Daidaito ta 2010. A taƙaice, idan ƙa'ida ta shafi kowa amma ta fi cutar da mabiya wani addini ko wata ƙabila, to dole makaranta ta nuna tana da manufa ta halal, kuma hanyar da ta bi ba ta wuce gona da iri ba. Da wannan ma'auni nake ganin Hassana tana tsaye a kan ƙasa mai ƙarfi, ta fi Shabina Begum ƙarfi ma. Ita Shabina ta ƙi yunifom ne ƙayyadadde wanda aka riga aka yi wa Musulmi tanadi a cikinsa. A wurinku babu yunifom, kowa da irin yadinsa da launinsa, kuma makarantar da kanta ta rubuta cewa za ta mutunta suturar addini. Zai yi mata wuya ta bayyana wace manufa ce abaya marar ado take rushewa alhali dogon siket ba ya rushe ta. Idan suka ce shigar ofis suke nufi, to ofisoshin ƙasar nan cike suke da mata masu hijabi: rundunar 'yan sandan Landan ta amince da hijabi a cikin kayan aiki tun 2001, kuma a 2020 aka naɗa Raffia Arshad alƙaliya tana sanye da hijabinta.

Batun Usaini dabam ne, kuma gara in faɗa miki gaskiya. Dokar tana kare al'adar ƙabila, kamar yadda shari'ar kitso ta nuna, amma sai an nuna cewa hanin ya cutar da mutum cutarwa ta musamman. Yaron da yake sa kwat daga Litinin zuwa Alhamis ba tare da damuwa ba, da wuya ya gamsar da kowa cewa kwat ɗin ranar Juma'a ta tauye masa addini, tunda sallarsa ta inganta a cikinta. Wannan roƙo ne za a yi, ba haƙƙi ne za a nema ba, kuma ya kamata saƙonki ya bambanta su, kada raunin na biyu ya ja na farko ƙasa. Gemu kuwa yana da kariya mai kyau idan don addini aka tsayar da shi.

Wata 'yar'uwarmu daga Maraɗi ta taɓa kirana a tsorace don ta ji an hana abaya a makarantun Turai. Wannan a Faransa ne, inda dokar 2004 ta hana alamomin addini bayyanannu a makarantun gwamnati, aka kuma ƙara da hana abaya a 2023. Ingila ba ta da irin wannan doka. Idan amsar da aka ba ki ba ta gamsar da ke ba, kowace makaranta tana da rubutacciyar hanyar shigar da ƙorafi wadda take kaiwa har gaban hukumar gudanarwa, kuma yawancin irin wannan magana a can take mutuwa ba a kai ga lauya ba.

Dattijon Tudun Wada, Zariya

'Yata, ni ba a Ingila nake ba, amma jikokina uku suna can, kuma na yi fom shida a nan gida a farkon shekarun 1970, lokacin da ake yin jarrabawar HSC ta share fagen shiga jami'a, kafin tsarin 6-3-3-4 ya zo ya share shi. Tsarin Ingila ne aka kawo mana, shekara biyu, ƙaramin aji shida da babban aji shida. A zamaninmu ma sutura ce take nuna wanda ya girma, domin ƙananan yara gajeren wando suke sawa, mu kuwa dogo, kuma ranar da ka fara sa dogon wando har tafiyarka sai ta canza. Saboda haka na fahimci abin da masu wannan makaranta suke nufi, ko da ban yarda cewa yadi yana ƙara wa yaro fahimtar lissafi ba.

A kan Hassana ba ni da abin ƙarawa, ku rubuta musu kamar yadda Malam ya ce. Ko a ƙasarmu an sha wannan gwagwarmaya, domin a watan Disamba na 2017 an hana Amasa Firdaus shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda hijabinta, sai a watan Yuli na 2018 aka rantsar da ita da shi. Idan haka ta faru a Nijeriya, ba abin mamaki ba ne a yi tambaya a Manchesta.

A kan Usaini kuwa ina tare da mahaifinsa, amma ba don dalilin baƙunci ba. Yaron da zai nemi aiki a ƙasar nan gara ya koyi sa kwat tun yanzu, lokacin da kuskurensa ba zai jawo masa asarar komai ba. A 2016 hukumar gwamnatin Birtaniya mai nazarin yadda 'ya'yan talakawa suke samun ci gaba ta fitar da rahoto a kan manyan bankunan Landan, inda ta nuna cewa ana iya ƙin ɗaukar matashi mai ƙwazo don ya zo ganawa da takalmi ruwan ƙasa a ƙarƙashin kwat, ko don kwat ɗin ba ta zauna masa ba. 'Ya'yan masu hali sun koyi waɗannan ƙa'idoji a gidajensu ba tare da an rubuta musu ba, namu kuwa ba su da inda za su koya sai irin wannan makaranta. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Kaftaninsa yana nan, ba wanda ya ƙwace masa, ya sa shi ranar Asabar da ranar Sallah. Ban da haka ma, ina so in ga wanda zai tsaya jiran bas cikin shadda a watan Janairu a garinku, domin na je sau ɗaya a wannan lokaci ban ƙara marmari ba.

Ɗalibar Likitanci, Biradfod

Mama, barka da arziki. Shekara huɗu da suka wuce na gama fom shida mai irin wannan ƙa'ida, don haka zan yi magana a matsayin wadda ta sa kayan. Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa domin zan ɗan saɓa da kai a wuri ɗaya.

Ofishin da waɗannan makarantu suke shirya mu dominsa ya riga ya canza. Bankin Goldman Sachs, wanda ake buga misali da shi wajen kwat da naktayi, ya sassauta ƙa'idar suturarsa ga dukan ma'aikata tun 2019. A asibiti kuwa, inda ɗalibai da yawa daga cikinmu suke fatan zuwa, akasin abin da makaranta ta koya mana ake bi. Tun 2007 ƙa'idar asibitocin gwamnati a Ingila ita ce hannu ya kasance a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa yayin duba marar lafiya, babu jaket, babu agogo, kuma ba a son naktayi saboda ɗaukar ƙwayoyin cuta. Ni da na shekara biyu ana tare ni idan na cire jaket, yanzu dogon hannu ne ake tare ni a kansa, har sai da na nemi hannun riga na leda da aka tanadar wa masu bukata saboda addini, wanda ake yarwa bayan an gama da kowane marar lafiya. Ba ina cewa kada Usaini ya koyi ɗaura naktayi ba, ya koya, amma mako ɗaya ya ishe shi, ba sai an yi shekara biyu ba.

Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne ƙa'idar ba ta faɗa wa maza da mata daidai. Namiji ya sayi kwat ɗaya ya huta, babu mai sake kallonsa. Mace kuwa kullum akwai abin aunawa a jikinta, ko tsawon siket, ko wuyan riga, ko yadin wando, kuma kalmar "ta dace" tana hannun duk malamin da ya kalle ki a ranar. Wannan ba a makaranta kaɗai yake ba. A ƙarshen 2015 an mayar da wata ma'aikaciyar karɓar baƙi a Landan, Nicola Thorp, gida daga wurin aiki ba tare da biya ba don ta ƙi sa takalmi mai tsini, ta kai koke majalisa da sa hannun mutane fiye da 150,000, har gwamnati ta fitar da jagora a 2018 a kan ƙa'idar sutura da bambancin jinsi. Saboda haka shawarar Malam ta samun amsa a rubuce ita ce mafi muhimmanci a duk abin da aka faɗa, domin ita ce take cire maganar daga hannun idon mutum.

Batun kuɗi kuwa, tsadar da kika gani tana da dalili. Kayan ƙananan yara 'yan ƙasa da 14 ba a ɗora musu harajin kaya, amma tagwaye sun shiga awon manya, kuma a nan akwai harajin kashi 20 cikin ɗari. Ga Usaini, ki nemi kwat wadda ake wankewa a injin wanki na gida, domin kai ta gidan wanki kowane wata zai fi kuɗin sayenta kafin shekara ta ƙare. Ki sayi jaket ɗaya da wando biyu, tunda wando ne yake fara mutuwa, kuma ki zaɓi mai ninki a ƙafa wanda za a iya sakewa, domin yaro ɗan 16 bai gama tsawo ba. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da manhajar Vinted ta sayar da kayan gwanjo suna cike da jaket ɗin da aka sa sau biyu aka ajiye. Ki kuma tambayi ofishin makaranta game da tallafin 'yan 16 zuwa 19, wanda gwamnati take bai wa makarantu su raba wa ɗaliban da iyayensu ba su da ƙarfi don kuɗin mota da littattafai da sutura. Yana da sharuɗɗan samun kuɗin gida da na zama a ƙasa, kuma gara a cika takardar da wuri.

Ga Hassana, abin da mahaifiyata ta yi shi ne ta aika awona Kano, aka sayi yadin kwat marar nauyi a Kantin Kwari, tela ya ɗinka mini abaya uku masu miƙaƙƙen yanka da aljihu da matsattsen bakin hannu. Da na ɗora jaket mai launi ɗaya da su, sai suka zama kamar an ɗinka su tare. Ki ce wa tela ya tsayar da tsawon a idon sawu, domin ruwan saman Manchesta zai jiƙa duk abin da ya wuce nan, ta wuni da sanyi a ƙafa. Ki kuma sa maganar lalle a cikin saƙonki, domin takardar da ta hana fentin farce mai launi takan sa wani malami ya ga jan farce bayan Sallah ya ce a goge, alhali lalle ba ya gogewa.

Uwar Tagwaye, Manchesta

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na rubuta saƙon ranar Litinin kamar yadda Malam ya tsara, na raba maganar Hassana da ta Usaini kamar yadda Lauya ta ce, na haɗa da hoto, kuma amsa ta zo jiya da yamma. An amince da abaya baƙa ko shuɗiya mai duhu ko ruwan toka, marar ado, wadda ba ta jan ƙasa, tare da jaket a sama, kuma an ce za ta iya cire jaket ɗin a cikin aji. Lalle ba matsala, gemu ma haka. Kaftani kuwa an ce a'a, sai dai ranar nuna al'adu da suke yi sau ɗaya a shekara, amma an yarda ya canza kaya da rana idan zai fita sallar Juma'a, ya sake mayar da kwat kafin darasin yamma. Usaini ya ce wannan wahalar ta yi yawa, zai dai riƙa sa hularsa a aljihu ya ɗora idan ya fita ƙofa.

Baba, na karanta masa maganarka, ya yi dariya a kan shadda da watan Janairu. Tun jiya yake gaban madubi yana fama da naktayi, ga shi mahaifinsa ma ashe bai iya ba, sai maƙwabcinmu ne ya zo ya nuna musu su biyun.

Saura tambaya ɗaya ga Ɗalibar Likitanci. Takardar ta ce takalmin fata, ta kuma hana takalmi mai dogon wuya, amma Hassana tana tafiyar kusan minti ashirin a ƙasa kafin ta kai makaranta. Wane irin takalmi kika sa a lokacin sanyi wanda ya hana ruwa shiga kuma aka bar ki kika wuce ƙofa da shi?